Kogin Kolorado, wanda aka raba fiye da ruwan da ke cikinsa

Har zuwa shekarar 2016, mutumin da ke zaune a Denba, babban birnin jihar Kolorado a yammacin Amurka, idan hadari ya taso ruwa ya sauko, ya jawo durom ya kafa a ƙarƙashin indararon ɗakinsa, to ya taka doka. Sai a wannan shekarar majalisar jihar ta yarda kowane gida ya tara durom biyu, wajen lita 416 gaba ɗaya, da sharaɗin a zuba ruwan a shukokin gidan. Ranar da na fara karanta wannan na daɗe ina juya shi a raina. Na tashi ina ganin mahaifiyata, da zarar iska ta juya, tana kwala mana kira mu fito da bokitai da baho da tukwane, duk wani abu mai baki, don haka na kasa gane yadda ruwan sama zai haramta ga wanda ya faɗo wa a kan rufi. Amma suna da hujjarsu. Ɗigon da ya sauka a kan kwanonka, in ka ƙyale shi, zai bi kwata ya shiga rafi, rafi ya kai shi kogin South Platte, kuma can ƙasa akwai manomin da kotu ta rubuta wa kakansa wannan ruwan. Ruwan yana da mai shi tun yana cikin gajimare.

Ban ga laifin mutanen da suka ɗauki ruwa da muhimmanci har haka ba. Abin da ke damuna shi ne, duk wannan tsantseni da ake yi a kan durom biyu, ba a yi shi ba a lokacin da ake raba kogi sukutum. An raba abin da babu shi, an rubuta, an sa hannu, kuma shekara ɗari ke nan masu rauni ne ke biyan gibin.

Kafin mutum ya gane rikicin sai ya san ƙasar. A taswira Kolorado kamar shimfiɗaɗɗiyar darduma take, kusurwa huɗu, an ja iyakokinta da layi miƙaƙƙe ba tare da an dubi dutse ko kogi ba. Cikinta kuwa babu abin da ya miƙe. Gabashinta fili ne fetal mai ƙarancin ruwa da ya zarce har Kansas da Nebraska. Tsakiyarta tsaunukan Rocky ne, masu ƙololuwa fiye da 50 da suka haura mita 4,267, kuma mafi tsawonsu, Elbert, ya kai mita 4,401. Yammacinta tuddai ne masu jan dutse da kwazazzabai masu zurfi. Hatta wuri mafi kwari a jihar, inda rafin Arikaree ke ficewa zuwa Kansas, yana da tudun mita 1,011 daga teku. Ma'anar wannan ita ce kusan duk ruwan jihar fita yake yi, ƙalilan ne ke shigo mata. Kogin Arkansas yana tasowa kusa da garin Leadville ya nufi Misisifi. Rio Grande yana fitowa daga tsaunukan San Juan ya yi kudu, ya zama iyakar Amurka da Meziko. Platte na kudu da na arewa duk a nan suka faro. Shi kuma Kolorado yana farawa ne a matsayin ɗan rafin da za ka tsallake da ƙafa a mashigar La Poudre, ya yi tafiyar kilomita 2,330 zuwa gaɓar tekun Kalifoniya.

Ruwan sama ba shi ne ke cika waɗannan koguna ba. Abin da Denba ke samu a shekara bai kai milimita 400 ba, ko rabin na Kano bai cika ba, garin Alamosa da ke kwarin San Luis kuma ko 200 ba ya samu. Rumbun jihar yana can saman duwatsu: dusar ƙanƙara da ke zuba tun daga ƙarshen shekara har Afrilu, ta taru, ta daskare, sannan ta narke a hankali daga Afrilu zuwa Yuli. A mashigar Wolf Creek akan samu dusar da ta kai mita 10 a shekara. Har yau akwai ma'aikatan da ke hawa tsaunuka cikin sanyi da wani dogon bututun ƙarfe, su soka shi cikin dusar har ƙasa, su zaro, su rataya a sikeli, su rubuta nauyin. Wannan nauyin, musamman na farkon Afrilu, shi ne ke gaya wa manomi a Arizona ko zai shuka gonarsa duka ko rabi. Wajen mutum miliyan 40 ne rayuwarsu ta rataya a kan abin da sikelin ya nuna.

Akwai kuma doron tsaunukan da ya raba nahiyar biyu, wanda ruwan da ya faɗi yammacinsa ke nufar tekun Pasifik, na gabashinsa kuma ya nufi Atlantika. Allah ya ajiye wajen kashi 80 cikin ɗari na ruwan jihar a yamma. Mutane kuwa suka gina biranensu a gabas, a gindin duwatsu, daga Fort Collins zuwa Denba zuwa Pueblo, inda fiye da kashi 80 cikin ɗari na jama'ar suke. Sai suka huda dutsen. Ramin Adams mai tsawon kilomita 21 ya bi ta ƙarƙashin gandun Rocky Mountain, ya fara kai ruwa gabas a 1947. Ramin Roberts ya fi kilomita 37, yana janyo ruwa daga madatsar Dillon zuwa Denba, kuma don a gina madatsar sai da aka tashi garin Dillon ɗungurungum a farkon shekarun 1960, aka kwashe gidaje har da kaburbura. A 1962 shugaba Kennedy da kansa ya je Pueblo murnar wani aikin irin wannan. Aikin injiniya ne na ban mamaki, ba na musu. Amma duk ruwan da ya shiga ramin ya bar koginsa har abada. Wanda manomin yamma ya ba gonarsa, wani kaso yana tsatsafowa ya koma kogi, na ƙasa ya samu. Wanda ya tsallaka dutse ko ɗigo ba ya dawowa. Kogin Fraser, ɗaya daga rassan Kolorado na farko, fiye da rabin ruwansa ake janyewa, kuma a 2022 aka fara aikin ƙara wa bangon madatsar Gross tsawon wajen mita 40 don a ƙara ɗiba.

Dokar da ke riƙe da duk wannan tana cikin tsarin mulkin jihar tun 1876, kotun ƙolin jihar kuma ta tabbatar da ita a 1882. Taƙaitacciya ce: wanda ya riga ɗibar ruwa ya yi aiki da shi, shi ke gaba. Kowane haƙƙi yana da shekararsa. In ruwa ya yi ƙaranci, mai takardar 1885 zai sha ya ƙoshi kafin mai takardar 1920 ya samu ko cokali, ko da gonar na biyun ce ke bakin kogi. Mai kula da ruwa zai zo ya rufe ƙofar magudanarka ya sa kwaɗo, kana kallon ruwa yana wucewa ta gabanka zuwa wurin wanda ya riga ka. Jihar tana da kotuna bakwai waɗanda ba su da wata shari'a sai ta ruwa. Dokar tana da alfanunta, domin ta hana mai kuɗi sayen bakin kogi ya tare kowa, ta kuma ba mutum tabbacin da zai sa ya haƙa magudana da guminsa. Sai dai ta mayar da ruwa kadara, ana sayar da shi daban da ƙasar da yake rayawa.

Wanda yake son ganin inda wannan ke kaiwa ya dubi gundumar Crowley a kwarin Arkansas. A da tana da gonakin ban ruwa wajen eka 50,000, da masana'antar sukari a wani gari da aka raɗa wa suna Sugar City saboda ita. Masana'antar ta rufe a 1967, bashi ya danne manoma, birane suka zo da kuɗi a hannu. Cikin shekarun 1970 da 1980 Pueblo da Colorado Springs da Aurora suka saye ruwan. Babu wanda aka tilasta wa, kowa da kansa ya sa hannu, kuma ba zan zargi dattijon da ya ga 'ya'yansa sun tafi birni, ga banki a ƙofa, ya karɓi kuɗin da zai tsufa da su ba. Amma magudana ta kowa ce. Idan goma suka sayar, ruwan da ya rage ba ya da ƙarfin kaiwa gonar na sha ɗaya, shi ma dole ya bi sahu. Yau 'yan dubban eka kaɗan suka rage. Ƙasar da aka yi shekaru ana nomawa ba ta koma makiyaya ba, ta zama ƙura da busassun ciyayin da iska ke mirginawa har su toshe hanyoyi. Manyan wuraren aiki a gundumar yanzu gidajen yari biyu ne. An biya mai gona, amma ba a biya mai shago da makanike da makarantar da ɗalibanta suka watse ba.

Sannan ga tambayar da dokar ba ta son a yi mata. In dai wanda ya riga ne ke gaba, wa ya riga kowa? Mutanen Ute, wata ƙabilar 'yan asalin ƙasar, sun yi ɗaruruwan shekaru a waɗannan tsaunuka kafin a kafa turken farko. Yarjejeniyar 1868 ta bar musu kusan duk yammacin jihar, amma da aka ga ma'adinai aka riƙa yanka, har a 1881 sojoji suka kora da yawansu zuwa Yuta. Waɗanda suka rage suna wasu yankuna biyu a kudu maso yamma. Tun 1908 kotun ƙolin Amurka ta ce ƙasar da aka keɓe wa ƙabila tana tafe da ruwanta. A takarda ke nan. An gina tafkin Nighthorse kusa da Durango, ya cika a 2011, da nufin biyan haƙƙinsu, amma galibin ruwan yana nan zaune saboda babu bututun da zai kai musu. A farin 2021 gonar ƙabilar Ute Mountain ta samu wajen kashi 10 cikin ɗari kacal na ruwan da ta saba samu. Ruwan da ba su iya ɗiba ba kuwa ba ya tsayawa jiransu, yana gangarawa wasu su sha kyauta.

Babban kuskuren dai an tafka shi ne a watan Nuwamban 1922, a wani masauki kusa da Santa Fe, inda wakilan jihohi bakwai suka zauna raba kogin Kolorado ƙarƙashin Herbert Hoover, wanda daga baya ya zama shugaban ƙasa. Wakilin Kolorado, lauya Delph Carpenter, tsoronsa shi ne Kalifoniya tana girma da sauri, in aka bi dokar wanda ya riga, za ta cinye kogin kafin jihohin sama su farka. Sai aka tsaga kogin biyu a wani wuri da ake kira Lee Ferry. Ma'aunin da suke amfani da shi shi ne ruwan da zai rufe eka ɗaya zurfin ƙafa ɗaya, wajen lita miliyan 1.2. Jihohin sama, wato Kolorado da Wayomin da Yuta da Niyu Meziko, aka ba su ma'auni miliyan 7.5 a shekara. Na ƙasa, Kalifoniya da Arizona da Nebada, su ma miliyan 7.5. A 1944 aka ƙara wa ƙasar Meziko miliyan 1.5. Jimla miliyan 16.5 ke nan. Babu ƙabila ko ɗaya a teburin, alhali akwai 30 a yankin kogin, kuma babu wanda ya tsaya wa kogin kansa.

Shekarun da suka auna kafin rabon shekarun albarka ne da ba kasafai ake samun irinsu ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne an gaya musu. Wani masanin ruwa na gwamnati, Eugene La Rue, wanda ya bi kogin da ƙafa da kwalekwale, ya nuna cewa ruwan bai kai abin da ake faɗa ba. Tun kafin shi, John Wesley Powell, tsohon sojan nan mai hannu ɗaya da ya ratsa kwazazzabon Grand Canyon cikin jirgin katako a 1869, ya ba da shawarar a tsara zaman yamma bisa bin koguna, kuma a 1893 ya gargaɗi taron masu ban ruwa a Los Angeles cewa rikici da shari'a suke tara wa jikokinsu. Ihu suka yi masa. Kowa yana son babban adadi, don da babban adadi ne majalisa ke sakin kuɗin madatsa. Matsakaicin ruwan kogin a ƙarni na ashirin ya tsaya wajen miliyan 15, daga shekarar 2000 kuma ya faɗo wajen 12.5. Zafi na ƙaruwa, ƙasa busasshiya tana shanye narkakkiyar dusar kafin ta kai rafi, ƙurar da ke sauka a kan dusar tana sa ta narke da wuri. Wani bincike na 2020 ya ƙiyasta cewa duk ƙarin zafi na maki ɗaya a ma'aunin Celsius yana rage kogin da wajen kashi 9 cikin ɗari. Manyan tafkuna biyu, Mead da Powell, su suka riƙa rufe asirin, har a 2021 gwamnatin tarayya ta ayyana ƙarancin ruwa karo na farko, a tsakiyar 2022 kuma Mead ya sauko wajen kashi 27 cikin ɗari.

Ƙa'idojin rabon ƙaranci da aka kafa a 2007 wa'adinsu ƙarshen 2026 ne, kuma jihohin sun shafe shekaru suna ja-in-ja. Kolorado tana cewa ita ba ta da babban tafki a samanta, abin da dutse ya ba ta shi take sha, duk shekarar fari manomanta suna ganin kwaɗo a magudanarsu ba tare da an biya su ko sisi ba, kuma jihohin sama ba su taɓa shan rabonsu duka ba, alhali na ƙasa sun daɗe suna zarce abin da ke shigo musu. Gaskiya ne, kuma na yarda da ita a nan. Hukumar ban ruwa ɗaya tak a kwarin Imperial na Kalifoniya tana da haƙƙin miliyan 3.1, daidai da na Arizona da Nebada a haɗe. Amma laifi tudu ne. Jihar da ke kukan cewa na ƙasa sun fi ƙarfinta ita ce ke yi wa yammacinta da Crowley da mutanen Ute kashin dankali a cikin gida. Ba zai yiwu tana cewa kogi ya ƙare ba, tana kuma faɗaɗa madatsa don ta ƙara janyewa.

Ra'ayina shi ne a daina rabo da adadin da aka rubuta a 1922, a koma rabo da kaso. Abin da dutse ya bayar bana shi za a auna, kowa ya ɗauki rabonsa daga ciki, daidai ruwa daidai tsaki, kuma kafin a fara rabon a cire na ƙabilu da na kogin. Dole kuma a taɓa noma, domin wajen kashi uku cikin huɗu na ruwan da mutane ke ɗiba gona yake tafiya, kuma kaso mafi tsoka a ciki na ciyawar shanu ne, alfalfa da makamantanta. Rage wanka a Denba ba zai cike gibin ba, ko da yake birnin ya rage abin da kowane mutum ke sha tun farin 2002, kuma ya cancanci yabo. Sai dai taɓa noma bai kamata ya zama irin na Crowley ba. Birni ya yi hayar ruwan manomi a shekarar fari, ya biya shi, ya mayar masa a shekarar albarka, ƙasa ta ci gaba da zama gona.

Wannan tsari na kaso yana nan a cikin jihar, ya ma girmi jihar. A garin San Luis, gari mafi daɗewa a Kolorado, akwai magudanar da masu jin Sifaniyanci suka haƙa da hannu, mai takardar 1852, haƙƙin ruwa mafi tsufa da har yanzu ake aiki da shi a jihar. Suna kiran irin wannan magudana asekiya, kalmar da ta samo asali daga sāƙiya ta Larabci, ta bi ta Andalus ta tsallaka teku. Duk bazara masu gonaki sukan fito da shebur, aikin gayya, su yashe ta daga kai har wutsiya. Sukan zaɓi mutum ɗaya ya riƙa tsara wa kowa ranarsa da awanninsa. In ruwa ya yi ƙaranci, kowa ya rage, har na wutsiya ya samu ya jiƙa wakensa da masararsa. Sai a 2009 dokar jihar ta amince da wannan al'ada a hukumance. Na san kogin da ke shayar da mutum miliyan 40 ya wuce magudanar ƙauye, akwai bashin biliyoyin daloli da aka ci a kan tsofaffin takardu, kuma mai takardar 1885 ba zai saki ba sai an biya shi. A biya shi. Kuɗin sun fi sauƙi a kan shari'ar da za ta ci shekara ashirin, kamar yadda Kolorado ta gani lokacin da ta biya Kansas wajen dala miliyan 34 a 2005 saboda ruwan Arkansas.

Ina bin wannan labari da zuciya ɗaya ne saboda na san kamanninsa. Wanda ya san yadda ambaliyar fadamar Haɗejiya da Nguru ta ragu bayan madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ya kuma ji abin da masunta da makiyaya da manoman shinkafa na can ƙasa ke faɗa, ba ya buƙatar a fassara masa kukan mutumin wutsiyar kogi.

Wutsiyar Kolorado tana Meziko. A da can fadama ce mai faɗin gaske, da tsuntsaye da kifi, da mutanen Kukapa masu kamun kifi. Shekaru da dama ke nan kogin ba ya kaiwa teku sai jefi-jefi, madatsar Morelos da ke kan iyaka tana juya ragowar zuwa gonaki, abin da ke bayanta yashi ne. A watan Maris na 2014 ƙasashen biyu suka yarda aka buɗe ƙofofin na 'yan makonni, aka saki ruwan da bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na shekara ba. Ruwan ya riƙa tafiya a hankali a kan busasshen yashi, mutane suna binsa da ƙafa. A garin San Luis Río Colorado, wanda ke ɗauke da sunan kogin, iyalai suka fito ƙarƙashin gada da abinci da kiɗa, yaran da aka haifa a bakin kogi ba su taɓa ganin ruwa a cikinsa ba suka faɗa ciki da kayansu, tsofaffi suna tsaye suna nuna musu inda ruwan yake kaiwa a da. A tsakiyar watan Mayu bakin ruwan ya haɗu da na teku. Bayan 'yan kwanaki aka rufe ƙofofin, yashin ya sake bushewa.